Matakalar Gidan Auduga

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgin Alƙahira har yau bai iso ba. Idan wani ya gan shi, ya gaya masa na yafe rabi, sauran rabin sai mun haɗu gaban Allah. Na tsaya a bakin ƙofar fita da jakata, duk baƙin mutum da ya gifta sai in yi masa murmushi, har kumatuna suka gaji. Lambar da aka ba ni tun daga Jega kuwa, in na kira sai wata mata ta gaya mini cikin Larabci mai daɗi cewa wayar a kashe take.

Sunana Bashiru, magini ne ni, haifaffen Jiga Birni ta ƙasar Aliero. Da rani ina noman albasa kamar kowa a garinmu, sauran lokaci ina ɗora bulo tare da kawuna a Jega Firchin. Wani Alhaji mai shirya wa mutane tafiya ne ya ce akwai makaranta a Iskandariyya ta ƙasar Masar, inda ake koyar da aikin dutse da tayil, in na gama in dawo da takarda in zama ɗan kwangila. Na sayar da babur da injin ban-ruwa na miƙa masa. Matata Hadiza, 'yar Maiyama ce, ta ce ita dai hankalinta ba ya kwanciya da mutumin da kowace magana tasa sai da wallahi. Na ce mata mata ba su san harkar waje ba. A bakin ƙofar nan ta filin jirgi na fara tunanin ko akwai abin da suka sani.

Wani ɗalibi ɗan Gehuru ta ƙasar Jega ne ya tsince ni. Ya zo rakiyar abokinsa, ya ji ina ƙunƙuni ni kaɗai da harshen gida, ya juyo ya ce, "Kai, Bakabe, mi kaka yi nan?" Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Ya kai ni ɗakinsu, inda ɗalibai ke kwana kamar an jera buhuna, suka ba ni shinkafa da wake, suka saurari labarina babu wanda ya yi mamaki. Ashe ba ni ne na farko ba, kuma sun ce ba ni ne na ƙarshe ba. Shawararsu ɗaya ce, in koma gida tun bizata ba ta mutu ba. Ni kuwa taurin kai gado ne a gidanmu. Na ce sai na ga makarantar nan da idona, ko da kangonta ne.

Na shiga jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya. Hanya duk gonaki ne kore shar, ruwa na bin kwari-kwari tsakaninsu, na yi ta leƙe ta taga ina kishin ƙasar mutane. Da na sauka na bi adireshin da Alhaji ya ba ni, titi daidai, lambar gida daidai, sai dai abin da ke wurin shagon ruwan rake ne. Na tambayi mai shagon da Larabcin zaure da na koya wajen malaminmu. Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji, wai ga wani yana tambayar hanya kamar liman a kan mumbari. Da suka gama dariya mai shagon ya rantse mini cewa tun kakansa rake ake matsewa a nan. Ya cika kofi ya ba ni, ya ƙi karɓar komai. Na sha a tsaye, hawaye na neman zubo mini, ina hana su don kar a ce ɗan Najeriya ya yi kuka a kan ruwan rake.

Lokacin sanyinsu ne, kuma sanyin garin da ruwan sama yake zuwa, ga iskar teku da ke ratsa riga kamar babu ita. Na yi ta tafiya ban san inda na dosa ba, har ruwa ya tsananta, na raɓe ƙarƙashin ƙofar wani ƙaton gini. Ƙofar kaɗai ta isa raƙumi ya shige da kayansa. Ina tsaye ina rawar ɗari, sai ƙaramar ƙofa da ke jikin babbar ta buɗe, wani tsoho baƙi kamar ni ya leƙo, da farin rawani da doguwar riga. Ya dube ni sama da ƙasa, bai tambaye ni daga ina ba, ya ce in shigo shayi ya tafasa.

Sunansa Salihu, kowa na ce masa Ammu Salihu, wato baffa. Mutumin kudancin ƙasar ne, daga cikin baƙaƙen da ke zaune a bakin kogi, kuma shi ne mai gadin ginin, aikin da ya gada wajen mahaifinsa. Ɗakinsa a ƙarƙashin matakala yake. Da ya ji labarina ya kaɗa kai, ya jawo wata tsohuwar katifa daga bayan ƙofa ya shimfiɗa, shi ke nan na samu masauki.

Da gari ya waye na fito, na ga inda na kwana, sai na raina kaina. Ni da nake ganin na san gini don na taɓa zuba kankaren bene a Birnin Kabi. Zauren shiga kaɗai ya fi masallacin unguwarmu girma. Ginshiƙai ne na dutse, kowanne mutum biyu ba za su rungume shi ba, a saman kowanne an sassaƙa furen auduga ya buɗe baki. Daɓen ƙasa ƙananan duwatsu ne masu launi, an jera su ɗaya bayan ɗaya har suka fitar da hoton jirgin ruwa. Can sama akwai ƙubba ta gilashi, shuɗi da ruwan ɗorawa, rabinta ya fashe an toshe da kwali, amma in rana ta fito sai hasken ya sauko har ƙasa yana yawo a jikin bango. A tsakiya ga wani keji na baƙin ƙarfe da aka lanƙwasa kamar zanen lalle, wai shi ne lif ɗin da manya ke hawa a da, yanzu tantabaru ke haya a ciki. Matakala ta farin dutsen marmara ta naɗe kejin nan tana hawa har bene na ƙarshe.

Gidan Auduga ake ce wa ginin. Ammu Salihu ya ba ni tarihinsa a hankali, kofin shayi bayan kofin shayi, yana maimaitawa inda Larabcina ya gaza. Ya ce wasu attajiran auduga ne suka gina shi ofishinsu, fiye da shekara ɗari da suka wuce, lokacin da audugar ƙasar ke tafiya Turai jirgi-jirgi. Bature ne ya zana, amma waɗanda suka ɗauki dutsen a ka 'yan ƙauye ne, kuma babu sunan ko ɗayansu a jikin bango. A zauren nan ake faɗin farashi, manomi ya shigo da fara'a ya fita da kuka, ko ya shigo da kuka ya fita ya ƙara aure. Tagogin dogaye ne, suna fuskantar juna, da murfin katako mai ratsi-ratsi, don iskar teku ta shiga nan ta fita can, magatakarda su yi rubutu ba gumi. Daga baya gwamnati ta karɓe ginin, attajiran suka watse, aka yayyanka manyan ɗakunan da falanki aka zuba ma'aikata. Su ma suka tashi, gishirin teku ya ci gaba da cin bango, har aka sa ginin cikin waɗanda doka ta hana a rushe ko a sauya. Yanzu ana gyaransa don a mai da shi ofisoshi kamar da.

Mai kula da gyaran mace ce, injiniya, ana ce mata Muhandisa Nadiya. Gajeruwa ce mai gilashi, ba ta ɗaga murya, amma in ta shigo har mai tura baro sai ya gyara tafiya. Ammu Salihu ya gabatar da ni gare ta, ta ce ba ta da hurumin ɗaukar baƙo aiki, sai dai in ina so in taya fitar da tarkacen falanki, za a riƙa ba ni abinci da ɗan abin sabulu. Na ce ko tantabarun nan ta ce in yi wa wanka zan yi.

Haka na zauna. Da safe wake da burodi, da rana wake da burodi, in an yi bajinta da yamma a sa wa waken ƙwai. Na yi kewar tuwon dawa har ina mafarkinsa. Wata rana a kasuwa na ga tulin albasa, na ɗauki ɗaya na shinshina, mai ita ya zaci saye zan yi, ni kuwa fadamarmu nake gani, da 'yata Ummi tana bin kunya-kunya da ƙafa ba takalmi. Na ajiye masa abarsa na wuce. Abin da ya fi cina shi ne bizata, kullum kwananta na raguwa, kuma na san ranar da ta mutu na zama abin farautar 'yan sanda. In aka kama ni, a jirgi za a jefa ni, in sauka Jega ba babur, ba inji, ba takarda, sai labari.

Ranar da Muhandisa ta gan ni ina taya wani tsohon magini cike tsagar bangon baya, ta tsaya ta daɗe tana kallon hannuna. Da yamma ta kira ni ta ce akwai ajin koyar da masu sana'a gyaran tsofaffin gine-gine, za a buɗe shi a cikin gidan nan da zarar kwamitin kula da kayan tarihi ya zo ya duba aiki. Duk wanda aka sa sunansa ɗalibi ne, ɗalibi kuwa yana samun iƙama, takardar zama a ƙasa. Ta ce za ta sa ni. Makarantar da na zo nema ta ƙarya ce, ga ta gaskiya ta same ni ina turin baro. Na shiga ɗakin ƙarƙashin matakala na yi sujada.

To, a nan tarbiyyar gida ta tashi. Mu a wajenmu, babba in ya yi maka alherin da ya fi ƙarfin bakinka, ba ka tsayawa kan na gode. Sai ka yi shiru, ka nemi ranar da ba ya nan, ka shiga gonarsa ka nome ta tas, ya zo ya tarar ya yi ta tambayar wane ɗan albarka ne. In ba shi da gona, ka dubi katangarsa, inda damina ta zaizaye ka kwaɓa ƙasa ka yaɓe. Haka na ga mahaifina na yi, haka na yi wa surukina a Maiyama kafin a ba ni Hadiza. Kuma a wajenmu bangon da aka bari ya nuna tsufansa abin kunya ne, ana cewa gidan ba shi da maza. Na yi ta duban gonar Muhandisa ina neman inda zan nome.

Matakalar nan ta daɗe tana damuna. Matakan ƙasa-ƙasa duk sun lotsa a tsakiya, sun yi kwarmi kamar dutsen niƙa, har in an yi wanki ruwa na kwanciya a ciki. An gyara gilashi, an kankare ginshiƙai, an yi wa kejin lif fenti, amma kullum ana hawa kan ramukan nan babu mai cewa komai. Na ce a raina aiki ne ya yi musu yawa, ga kuma manyan baƙi za su zo su fara taka abin kunya tun daga ƙofa.

Ranar Juma'a ba a aiki, Ammu Salihu kuma bayan masallaci gidan 'yarsa yake wuni. Na roƙi ragowar siminti da yashi mai laushi a wani gini da ake yi bayan layi. Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Kowane magini ya san ba a zuba siminti a kan dutse mai santsi sai an sassare shi, don ya samu wurin kamawa, ga shi an kulle ɗakin kayan aiki, ba guduma ba cizal. Na samo ƙusa da ɗan dutse na fara saran matakin farko, na yi 'yan ƙwanƙwasa ƙusar ta lanƙwashe. Na nemi wata na rasa. Na ce to Allah ya rufa asiri, na wanke matakan na zuba hakanan. Na bi da cokalin ginin da na zo da shi daga gida na shafe, na sake shafewa, har suka yi sumul, ka ɗora ƙwai ba zai gangara ba. Na gitta katako don kar a taka. Ammu Salihu ya dawo da magariba ta ƙofar baya, bai lura ba, ni kuma ban faɗa ba, don ba a tallan irin wannan.

Da safe na yi wanka na sa rigata mai kyau, na tsaya nesa kaɗan ina share inda ba datti. Muhandisa ta shigo da jakarta tana magana a waya. Ta kai gindin matakala ta tsaya. Wayar ta sauko daga kunnenta a hankali. Na ga ta cire gilashi ta goge ta mayar, na ce a raina daɗi ne ya kama ta. Ta tambaya wa ya yi wannan, da wata murya da ban taɓa ji ba. Al'ada ta ce ka ɗan ja aji kafin ka amsa, amma farin ciki bai bar ni ba, na matso ina murmushi na ce ni ne, kuma ba komai, ai yi wa kai ne.

Ban san ƙaramar mace na iya cika zaure da murya haka ba. Tantabarun keji duk suka tashi. Rabin abin da ta faɗa ban gane ba, rabin da na gane ya ishe ni. Ma'aikata suka taru, tsohon maginin nan ya dafe kai, Ammu Salihu ya fito da butar shayi a hannu ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ta durƙusa ta danna simintin da farce, ta ɗago ta dube ni.

"Ka sare dutsen kafin ka zuba?"

Na ce shi ke nan, ta gano ha'incin aikin. Duk tsawata a tunanina a kan wannan ne, na yi aikin da ba zai kama ba. Bakina ya ɗauko ƙarya, in ce na sare shi ciki da bai kamar yadda ƙwararru ke yi, don in tsira da mutuncin sana'ata. Kunyar rawanin Ammu Salihu ce ta hana ni. Na sunkuyar da kai na ce ban sare ba, ɗakin kaya a kulle yake, matakin farko kaɗai na ɗan taɓa da ƙusa.

Ta zauna daɓas a ƙasa, da kayanta masu tsada, ta ce alhamdulillahi har sau ban san adadi ba. Aikin da na yi da kyau shi ne laifi, wanda na kasa yi shi ne abin godiya.

Ba a tsaya dogon bayani ba, don siminti ba ya jiran kowa, kowace sa'a ƙara ƙarfi yake. Ta hana a kawo ƙarfe kusa. Aka fere katako aka yi 'yan ƙananan abin kankara, aka kawo ruwa da soso da tsumma. Ni da ita da tsohon magini muka durƙusa. Inda ya yi kauri yana ɓantarowa kamar ƙanzo, tunda bai samu wurin kamawa ba, amma bakin-bakin da kusurwoyi sai da muka bi su kaɗan-kaɗan har yatsuna suka fashe. Muna cikin yi, ba ta dube ni ba, ta ce in sa tafin hannuna a cikin kwarmin da ya fito. Na sa. Ta ce babu maginin da ya isa ya yi wannan, ƙafafu ne suka yi shi, na magatakarda da masinja da manoman da suka zo jin farashi, shekara da shekaru. Ta nuna mini yadda ya fi zurfi ta gefen abin riƙewa, inda tsofaffi da masu kaya ke bi. Ta ce gilashi in ya fashe za ta sa a yi wani, amma wannan in ya tafi ya tafi, kuma mutanen da suka yi shi ba su bar wata shaida ba sai shi. Na ji nauyin maganar, ko da yake har yau ina nan kan bakana cewa rami a matakala na iya karya tsohuwa.

Kafin la'asar dutse ya fito fari, sai ɗan dishi-dishi da ta ce zai wanku. Matakin farko ne kawai ya ƙi rufa mini asiri. Saran ƙusata na nan a tsakiyar kwarmin, 'yan ƙananan tabo kamar zanen ƙyanda, ba ruwan da zai wanke su. Ta daɗe tana kallonsu. Ta ce kwamiti na iya tsayar da aikin duka a kan wannan, kuma ita ce za ta amsa, tunda ita ta bar baƙon da ba shi da takarda ya kwana a gidan. Ta ce in haɗa jakata, bayan zuwan kwamiti ba ta son ganina.

Na fita bakin teku na kira Hadiza. Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma gaisuwa kaɗai ta ji ta ce, "Baban Ummi, mi ya hwaru? Muryag ga ba taka ba ta." Na kwashe duka na faɗa mata. Na jira ta tuna mini maganarta ta farko, ba ta yi ba. Ta yi dariya har da tari, ta ce wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Sannan ta ce, "In sunka kore ka, ka taho gida, albasa ba ta ƙare ba. Amma kai da ka san gida, in yaro ya yi ma babba laihi, shi ka zuwa da kainai? Babu dattijo garin?"

Akwai dattijo. Na koma na samu Ammu Salihu na ce ina so ya shige mini gaba, kamar yadda ake yi a wajenmu. Sai da ya tambaye ni abin da ya kai ni, na ba shi labarin gonar suruki da yaɓen katanga. Ya ajiye kofinsa. Can ya tashi ya sake naɗa rawaninsa.

Washegari muka shiga ɗan ofishin Muhandisa, shi a gaba ni a baya. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa na tsuguna. Ta ce in tashi, ita ba ta son wannan, na ƙi, tunda mai laifi ba ya tsayuwa. Ammu Salihu ya yi magana a natse. Ya ce shi ma a ƙauyensu na kudu, duk shekara mata ke shafe bangon gida da hannu, gidan da ba a shafe ba an san mutuwa ta shige shi. Ya ce ƙauyen yanzu yana ƙarƙashin ruwan dam, tun yana yaro aka kwashe su.

"Da za a fito mini da dokin ƙofar gidanmu, da lotsawarsa nake son sa, ba zan bari a taɓa ba," in ji shi. "Amma da uwata za ta gan shi, kafin ki juya ta cike shi da laka, kuma don ƙauna za ta yi. Wannan yaron daga irin ƙasar uwata ya zo, ya Muhandisa. Hannun yana da kyau, ke kika faɗa. Ɗaya rabin ne, na barin tsohon abu da tsufansa, ba wanda ya koya masa."

Ta juya biro a hannunta, ta dubi taga. Ta ce ta ji, kuma don girmansa ba za ta kira mini 'yan sanda ba, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Muka fito. Jakata na nan a ɗaure bayan ƙofa, bizata kuma saura ƙiris.

Ranar da kwamiti ya zo an share ko'ina. Tsohon magini ya kawo shawarar a shimfiɗa darduma a gindin matakala, ko a ajiye tukunyar fure a kan matakin, Muhandisa ta ce a'a. Ni na laɓe bayan wani ginshiƙi kusa da Ammu Salihu, da bokiti a hannu don in yi kama da mai dalilin tsayuwa. Suka shigo su da yawa, shugabansu wani dattijo mai sanda da furfura har a gira. Suka ɗaga kai suka yaba ƙubba, suka zagaya jirgin ruwan daɓe. Da suka iso matakala, ita da kanta ta tsayar da su, ta nuna musu tabon, ta faɗi abin da ya faru ba ragi, da simintin da yadda aka cire shi. Dattijon ya sunkuya da ƙyar, ya shafa wurin da yatsa, ya yi mata faɗa mai zafi a gaban kowa, ta tsaya ta shanye. Ya ce za a rubuta a rahoto, kuma daga yau ko tsintsiya ba za ta taɓa matakalar ba sai da izini. Sannan ya tambaya wane jahili ne ya yi wannan, kuma yana ina yanzu.

Ƙofar baya na kusa da ni, har na auna tazararta.

"Ɗalibina ne," in ji Muhandisa Nadiya. "Ya yi shi ne kafin ya fara karatu. Gobe zai fara."

Dattijon ya ce to ta riƙe shi da kyau, suka hau sama suna taka kwarmin ɗaya bayan ɗaya. Bokitin ya kuɓuce mini, Ammu Salihu ya tare shi da ƙafa kafin ya yi ƙara. Wannan karon ban hana hawayen ba, na bar su suka zuba, kowa ya ce abin da zai ce a kan ɗan Najeriya.

Da safe ta same ni a zaure tun ma'aikata ba su iso ba. Ba ta amsa doguwar godiyar da na shirya ba. Ta miƙo mini wani ɗan buroshi da bai fi na goge baki ba, da kofin ruwa, ta kai ni gaban ginshiƙin farko, ta nuna mini furen audugar da ke can sama, ƙurar shekaru ta toshe shi. Ta ce in hau in fara, in na ga tsaga in kira ta, in na ga rami in kira ta, in kuma na ji zuciyata na son yi mata alheri in zo in faɗa mata tukuna. Na ce na ji. Na ɗaura igiya a ƙugu, na yi bisimilla, na hau.